Macizan Mannarasala: Me Ake Bauta wa a Wannan Kurmi?

"Malam, barka da aiki. Watan jiya na dawo daga Indiya, inda na yi jinyar mahaifina wata biyu a wani asibiti a birnin Kochi. Duk inda na bi sai in ga 'yan duwatsu an sassaƙa su da siffar maciji, an jera a gindin bishiya, an barbaɗe su da wani gari rawaya. Direban da ke kai mu asibiti ya ce akwai wani ƙauye da ke da irinsu har dubu talatin, wai kuma mace ce ke jagorantar bautar. Shin da gaske maciji suke bauta wa? In haka ne, macizan ba sa saransu ke nan? Kuma ko wannan na da alaƙa da macijin rijiyar Kusugu ta Daura?"
Daga wani mai karatu a Funtuwa

Malam, sannu da jinya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ce, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya. Tambayoyi uku ka haɗa a ƙulli ɗaya: ko macijin ne kansa abin bautar, ko bautar tana hana sara, sai maganar Daura. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci, don sauran biyun a jikinta suka rataya.

Direbanka bai yi maka ƙari ba. Sunan wurin Mannarasala, yana gefen garin Haripad a gundumar Alappuzha ta jihar Kerala, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota in ka yi kudu daga Kochi. Sau biyu na je can a shekarun da nake bincike kan addinan gargajiya na kudancin Indiya. Sai dai ka san iyakar shaidata. Ba na jin harshen Malayalam, da tafinta na yi aiki. Sannan farfajiya da hanyoyin cikin kurmi ne iyakata, ban shiga ɗakin babban gunkin ba, ban ma nemi shiga ba. Abin da ke can ciki daga bakin masu wurin na ji shi.

Abin da ido ke fara gani

Daga bakin titi ba za ka ce akwai wani abu ba, gonakin shinkafa ne da bishiyoyin kwakwa kamar ko'ina a yankin. Sai ka tuɓe takalmi ka bi wata hanya mai yashi, nan take rana ta ɓace maka ko da tsakar azahar ce. Kurmi ne na wajen eka 16 da gatari ba ya shiga, manyan itatuwa sun rufe sama, tsirrai masu yaɗo sun nannaɗe su. Dama da hagu duwatsun nan ne da ka gani a Kochi, amma nan sahu-sahu suke har inda ido ya tsaya. Wani maciji ɗaya ne ya fasa kai, wani kai biyar, wani bakwai, wani kuma macizai biyu ne suka murɗe juna kamar tufkar igiya. Akwai sababbi fil, akwai waɗanda ruwan sama ya lashe har sun koma kamar ɗan dutsen niƙa. Garin rawayan da ka gani kurkum ne. Adadin 30,000 shi aka fi ambata, kuma kullum ƙaruwa suke, don wanda ya yi bakance buƙatarsa ta biya yakan kawo nasa ya ajiye.

Abin da ban gani ba shi ne maciji mai rai. Zuwa biyu, ko wutsiya. Babu gardi, babu kwando, babu mai busa maciji na rausaya, duk hoton nan da fina-finan Indiya suka dasa mana a ka. Macizan suna nan cikin ganyaye da ramuka tun da kurmi ne, amma ba mai kamo su, ba mai wasa da su.

To wa ake roƙo? A aƙidar Hindu akwai wasu halittu da ake kira Naga. Ba su ne macizan da ke bin ɓera a rumbu ba. Masu iko ne da ke zaune ƙarƙashin ƙasa da cikin ruwa, suna gadin taska da idon ruwa, suna fitowa da siffar mutum ko ta maciji. Manyansu suna da suna. Ananta, wanda ake kuma kira Shesha, shi ne ake zana abin bautarsu Vishnu kwance a kansa. Vasuki shi ne rataye a wuyan Shiva, wani abin bautarsu. Babban gunkin Mannarasala Nagaraja ake ce masa, wato sarkin Naga, kuma masu wurin na cewa waɗannan biyun ne suka haɗu a cikinsa. Kusa da shi akwai matansa, Sarpayakshi da Nagayakshi, da 'yar'uwarsa Nagachamundi. Maciji mai fasa kai, ɗan'uwan gamsheƙarmu, shi ne alamar Naga a doron ƙasa, shi ya sa ake jin nauyinsa. Tamilawa maƙwabtan Kerala "macijin kirki" suke ce masa, kamar yadda tsofaffinmu ba sa kama sunan maciji da dare sai su ce igiyar ƙasa. Ladabi ne irin na wanda ke jin tsoro.

Saboda haka amsar ita ce e, bauta ce, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ana roƙo, ana bakance, ana kai hadaya, kuma ni da kai mun san matsayin wannan a Musulunci. Amma wanda ake fuskanta da roƙon wani mai iko ne da suke ganin dabbar na wakilta. Abin ya tsufa ƙwarai. Akwai sassaƙen sarakunan Naga a ginin Bharhut na mabiya Buddha tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma tono manyan gumakansu na ƙarni na 2 bayan haihuwarsa a yankin Mathura.

Rabon masu ƙasa na farko

A nan gindin maganar yake a ganina, kuma nan ne masu ɗaukar bidiyo da waya ba sa kaiwa. Mutanen Kerala na ba da labari wai jarumi Parashurama ya jefa gatarinsa cikin teku, ruwa ya ja da baya, ƙasarsu ta fito. Amma gishiri ce zalla, ko ciyawa ba ta tsirowa. Sai ya roƙi Nagaraja, macizai suka zuba dafinsu ya cinye gishirin, ƙasa ta nomu. Sharaɗin shi ne duk wanda ya sari daji ya kafa gida zai bar wa macizai wani lungu. Tatsuniya ce, amma dubi abin da take faɗa: mutum baƙo ne, maciji ya riga shi zama, kuma da fili ake biyansa haƙƙinsa.

Wannan lungun shi ne sarpa kavu, kurmin maciji. A da, babban gida na gado irin wanda suke kira tarawad, kwatankwacin gandunmu inda kaka da jikoki ke ci daga tukunya ɗaya, yakan kasance da nasa, galibi a kusurwar kudu maso yamma. Ba a sare reshe a ciki, ba a tsintar itacen girki, ba a share ganye. Da almuru wata daga matan gidan ta kai fitilar mai gaban duwatsun ta ajiye ta dawo. Shekara-shekara a yi babbar hidima da abin da suke kira nurum palum, garin shinkafa da kurkum da aka dama da madara. Wanda ya san "kan gida" na Maguzawa, abin nan da zuriya ke gada tana lallaɓawa don kada ya juya mata baya, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Ka haɗa da yanayin wurin. Kerala na samun ruwan sama wajen milimita 3,000 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Ƙasa ce ta fadama da shinkafa da ɓeraye da kwaɗi, duk abin da maciji ke so a duniya. Manomi ba shi da yadda zai ƙarar da su, in ma ya ƙarar, ɓera ya gama da shi. Sai aka yi sulhu, ga naku ga namu. Yawancin kurmin nan akwai ɗan tafki a gefensu, kuma tsofaffinsu na cewa in ka taɓa kurmi tafki zai ƙafe. Yau masana tsirrai na shiga irin waɗannan wurare neman itatuwan da suka ƙare a kewaye. Ban ce don kare muhalli aka kafa al'adar ba, wannan fassara ce ta 'yan boko da ta zo daga baya. Tsoro ne ya tsare itatuwan.

Tsoron kuwa yana da suna, sarpa dosham, fushin maciji a kan zuriya. In an kashe maciji mai fasa kai, ko an rushe suri, ko an sare kurmi, ko da kakan kaka ne ya yi, sun yi imani abin zai bi jini. Rashin haihuwa da ciwon fata da ciwon ido su aka fi jingina masa. Mai duba taurari ne ke gaya wa iyali ga abin da ke damunsu, ya tura su inda za su yi gyara. A Kukke Subramanya ta jihar Karnataka har jana'iza ake yi wa macijin da aka taɓa kashewa, a ƙera siffarsa a ƙona ta kamar yadda suke ƙona gawar mutum.

Sai zamani ya zo ya taɓa gidajen. Dokar rabon filaye ta Kerala ta 1963 da gyaranta da ya fara aiki a 1970, sannan dokar 1975 da ta soke tsarin gidan gado na haɗaka, suka farfasa manyan gidajen nan. Aka yanka filaye ƙanana-ƙanana, kuɗin 'yan ci-rani daga ƙasashen Larabawa ya shigo, kowa na son ya gina nasa. Wanda rabonsa ya faɗo a kan kurmi ya shiga tsaka mai wuya, ba damar sarewa, ba damar gini. Mafita ita ce a kira masu ilimin abin su yi hidimar tayar da Naga daga wurin, a kwashi duwatsun a kai babban wurin bauta. Gidan Pambummekkattu na gundumar Thrissur ya yi suna a wannan aiki. In ka ga duwatsu jibge a irin waɗannan manyan wurare, wasunsu 'yan gudun hijira ne daga filayen da suka zama bene.

Babbar Uwa da tasar tagulla

Maganar mace ma gaskiya ce, kuma abin mamaki ne ko a Indiya, inda kusan duk manyan wuraren bauta maza ke riƙe da su. Mannarasala mallakar wani gida ne na Nambudiri, wato Brahman ɗin Kerala, ajin limaman Hindu na gado. Matansu a da kulle ake yi musu mai tsanani, har sunan da ake kiransu da shi, antarjanam, ma'anarsa mutanen ciki. Amma a wannan gida babbar macen gidan ce kan komai. Valiya Amma ake ce mata, Babbar Uwa.

Ga labarin da suke kafa hujja da shi. Wai gobara ta taɓa cin dajin, macizai suka gudo da ƙuna, wasu mata da miji na gidan da ba su taɓa haihuwa ba suka yi jinyarsu, suna shafa musu man shanu da zuma da kurkum, suna yi musu fifita. Sakayyar ita ce matar ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya mutum, ɗaya maciji mai kai biyar. Macijin ya shige wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a cikin gidan, ya bar wasiyya uwarsa ce za ta riƙa yi masa hidima, bayanta kuma babbar macen gidan. Har yau Muthassan suke ce masa, wato Kaka. Ɗan gida ne a wurinsu. Matar da nauyin ya faɗo wa takan ajiye zaman aure ta tare a gidan ta duƙufa kan hidimar. Wadda ta riƙe muƙamin wajen shekara 30, Uma Devi Antharjanam, ta rasu a 2023 tana da shekara fiye da 90, wata dattijuwar gidan ta gaje ta. A ranar tauraron Ayilyam na watanninsu Kanni da Thulam, tsakanin Satumba da Nuwamba, Amma ce ke ɗaukar gunkin Nagaraja daga ɗakin bauta zuwa gidan, dubban mutane na biye da ita.

Abin da ya fi kawo jama'a neman haihuwa ne. Akwai wata tasa ta tagulla mai faɗin baki da suke kira uruli. Mata da miji su miƙa ta, a kife ta a cikin gidan, ta zauna a kife har sai an haihu, sannan su dawo da jaririn a buɗe ta. Na tsaya kusa da wasu ma'aurata a layi. Matar za ta kai shekara 35, ta rungume 'yar tasar a ƙirji da hannu biyu. Mijin ba riga, kamar yadda ake yi a wuraren bautarsu, sai gyara zanen ƙugunsa yake yi, idonsa a ƙasa. A hammatarsa akwai jakar roba irin wadda asibiti ke bayarwa, takardun hoton ciki na leƙowa. Kai da ka yi wata biyu kana yawo da irinta ka san ta. Tafintana ya ce haka yawancinsu suke, ƙafa ɗaya wurin likita, ɗaya a nan.

Kifa tasa ba ya sa ciki, kuma ba a yi wa tasoshin da ba a dawo an buɗe ba shela. Amma na lura da wani abu. In aka ce fushin maciji ne a kan zuriya, laifin ya tashi daga kan matar ita kaɗai ya koma kan dangi duka, har da na miji. Duk wanda ya san abin da matar da ba ta haihu ba ke haɗiya a gidan miji, a can ko a nan, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne gare ta.

A gefen hanya za ka ji wani sauti na fitowa kamar daga cikin rijiya. Mawaƙan Pulluvan ne, zuriyar da ta gaji yi wa Naga waƙa. Kayan kiɗansu tukunyar ƙasa ce da aka rufe da fata aka ja mata tsirkiya, sai wani ɗan abu mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma. Ka ba su ɗan kuɗi, ka faɗi sunanka da tauraron haihuwarka, su saka ka a waƙa. A tsarin ajin mutane na gado na Hindu can ƙasa suke, amma manyan gidaje ba sa iya babbar hidimar maciji sai da su. In an kira su gida, sai su zana macizai masu sarƙe da juna a daɓe da gari kala biyar: farin shinkafa, rawayan kurkum, baƙin gawayin ƙaiƙayi, koren busasshen ganye, da jan da ake samu in an haɗa kurkum da farar ƙasa. Aikin yini guda. Da dare 'yan matan gidan su zauna a kan zanen riƙe da furen wata bishiya dangin kwakwa, kiɗa ya yi kiɗa su fara rangaji, su bi ƙasa suna goge zanen da gashin kansu, wata ta yi magana da muryar Naga ta faɗi ko ya yarda da hidimar. Wanda ya taɓa ganin hawan bori, musamman Danko ɗan Musa da ke jan ciki, zai ce ya san wannan.

Sara kuwa, ana sara

Babu ƙasar da maciji ke kashe mutane a duniya kamar Indiya. Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya ƙiyasta mutum wajen 58,000 a shekara, kusan miliyan 1.2 daga 2000 zuwa 2019. Macizai huɗu ne ke yawancin ɓarnar: mai fasa kai ɗin nan da ake girmamawa, da wani baƙi mai fararen zobba da ke sarar mutum yana barci a ƙasa ba tare da ya ji zafi sosai ba, da wani babba dangin kasa, da ɗan'uwan kububuwarmu. Ba ɗaya a cikinsu da ke tambayar addinin ƙafar da ta taka shi.

Za ka ji masu ziyara na cewa maciji ba ya sarar kowa a cikin kurmin. Ni ga yadda nake kallon abin: hanyoyin yashi ne a share, da rana ake bi, jama'a na ta kai da kawo, kuma ba mai sa ƙafa cikin ganye ko hannu cikin rami. Sara a gonar shinkafa take, da wajen ɗiban itace, da fita ba takalmi da dare. Kerala ma ba ta cikin jihohin da abin ya fi muni, saboda asibiti na kusa da mutane. Yawancin dafin da ake haɗa allurar maganin sara da shi kuwa daga hannun 'yan ƙabilar Irula yake fitowa, mafarautan macizai na kusa da Chennai da suka kafa ƙungiyarsu a 1978, suna kamawa su tatsa su saki.

Maganar ba maciji madara, wadda na san za ka ji, a bikin Nag Panchami na damina ta fi yawa. Maciji ba mai shan madara ba ne. Gardawa ke hana shi ruwa kwana da kwanaki, wasu su cire masa haƙora, sai ƙishirwa ta sa ya sha abin da aka miƙa masa, da yawa kuma su mutu bayan biki. Dokar kare namun daji ta 1972 ta hana kama su, har kotu ta hana mutanen Battis Shirala a jihar Maharashtra fitowa da macizai masu rai a bikinsu. A Mannarasala dutse ake zuba wa madarar.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwarmu, ko da macizan dangin juna ne. Kada wani ya ce maka ya sayo mai araha daga can. Ni ba likita ba ne, masu aikin asibitin sarar maciji na Kaltungo su suka fi ni bakin magana a nan.

Kusugu

Babu hujjar tarihi da ta haɗa Daura da Kerala. Kamannin daga macijin kansa ya fito: yana son wuri mai sanyi da laima, don haka duk inda mutane suka dogara da rijiya ko tafki sun taɓa tarar da shi ya riga su. Shi ya sa labarin maciji mai tsare ruwa ya bazu a duniya. Ko a Ouidah ta Jamhuriyar Benin akwai ɗakin da ake girmama mesa har yau. Wanda ya fi kusa da labarin Bayajidda a Indiya shi ne na abin bautarsu Krishna da maciji Kaliya, wanda ya ɓata ruwan kogin Yamuna da dafi ya hana mutane da shanu sha. A Daura, macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a an sare masa kai, baƙon ya auri sarauniya. Krishna kuwa ya hau kan Kaliya ya tattaka shi har ya yi laushi, matan macijin suka yi roƙo, ya bar shi da rai ya kore shi zuwa teku.

In Allah ya sa kun koma Kochi ganin likita kuma kana son gane wa idonka, ka kauce wa ranakun Ayilyam saboda cunkoso, ka je da safe. Ka tambayi masu ƙofa inda baƙo zai iya tsayawa, don wuraren bauta da yawa a Kerala ba sa barin wanda ba Hindu ba ya wuce farfajiya, kuma kada ka ɗaga waya sai an ce maka ka ɗauka. A masaukinku kuma, in lokacin ruwa ne, daga Yuni zuwa Nuwamba, kada Baba ya fita alwalar asuba ba tocila da takalmi.